Dokar Da Na Rubuta Da Hannuna Ta Raba Ni Da Bindigata

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara tun kafin in zama abin dariyar unguwa gaba ɗaya, don a yanzu rabin unguwar ne kawai suka sani. Ki yi haƙuri da rubutuna. A aji biyu na sakandare karatuna ya tsaya, ko in ce ni na tsaya shi ya wuce abinsa. Ni mai walda ne, ƙofofi da tagogi nake yi, hannuna ya fi sabawa da ƙarfe a kan biro. Wannan wasiƙar ma sau uku ina yaga ta.

Mu gidanmu maharba ne. Kakana ya yi, babana ya yi, ni ma ina yi, sai dai ba da farautar muke ci ba. Wata uku a shekara hukuma take buɗe farauta a wajenmu, to a cikinsu mukan fita ranar da babu aiki, mu nemo zabi ko fakara, wani lokaci zomo, mu dawo da abin da tukunya ɗaya za ta ɗauka. Ina da lasisi, ban taɓa barinsa ya mutu ba. Bindigar mai baki ɗaya ce, irin wadda ake karyawa a tsakiya a zura harsashi. Ta babana ce, ya bar mini lokacin da hannunsa ya fara rawa. Tsoho yana nan da ransa a ɗakin bakin ƙofa. Idan aka ce ya sha magani ba ya ji, amma idan ana maganar da za ta kunyata ni, ko raɗa aka yi sai ya sa baki.

'Ya'yana biyu ne suke bina daji. Babbar mace ce, shekararta goma sha biyar. Alƙaliya muke ce mata tun tana ƙarama, domin ko alewa na raba musu sai ta sake ƙirgawa. Ƙaninta kuma Auta, shekara goma sha ɗaya, ba shi da yawan magana amma ba ya mantuwa. Da suka fara bina sai na ce ni ba zan koyar da su yadda aka koyar da ni ba, wato da ranƙwashi. Ni mutumin zamani ne. Na samo kwalin fanka, na yanke gefe ɗaya, na zauna da alƙalami mai kauri na rubuta dokokin gidanmu, na kafe shi da ƙusa a bayan ƙofar falo.

Ba a juya wa mutum bakin bindiga ko da an rantse babu komai a cikinta. Ba a harbin motsin ciyawa, sai abin da ido ya gani sarai, ya kuma ga abin da ke bayansa. Ba a taɓa uwa mai 'ya'ya ko tsuntsuwar da ke kan ƙwai, kuma abin da ba za a ci ba ba a kashe shi. Sai wadda ta zame mini ƙarfen ƙafa: duk mai riƙe da bindiga, in ya zo tsallake rami ko shinge, sai ya karya ta, ya zare harsashin ya sa a aljihu. A ƙasa na rubuta hukunci. Wanda ya yi wasa da makami ba zai sake taɓa shi ba tsawon farauta guda cur, kuma shi ne mai ɗaukar jarkar ruwa a bayan kowa. Da na ga rubutun ya yi kyau sai daɗi ya kwashe ni, na ƙara da manyan baƙaƙe cewa kowa da kowa, na ja layi biyu a ƙarƙashi. Maman yara tana tsaye tana kallona, ta tambaye ni ko na tabbata da wannan layin na ƙarshe. Na ce mata ai haka shugabanci yake, ita dai ta kama girkinta.

Ban tsaya nan ba. Na ƙera akwatunan ƙarfe biyu, ɗaya na bindiga ɗaya na harsashi, makullin bindiga a hannuna, na harsashi a hannun maman yara, don kada tsautsayi ya haɗa su a hannun yaro. Na zuba musu walda irin wadda ban taɓa yi wa mai biya ba.

Wanda dokar ta fara ci shi ne Auta. Shekara biyu da suka wuce ya ɗana dutse a danƙonsa ya auna yayarsa da wasa, bai ma saki ba. Na ƙwace danƙon, na tsayar da shi a gaban kwali na yi masa jawabin da ya kai rabin awa. Wata uku yaron nan yana bin bayanmu da 'yar jarka yana share hawaye da hannun riga. Uwarsa ta roƙe ni, Tsoho ma ya ce a yi masa sassauci, na ce doka ba ta san ƙaramin yaro ba. Har a shago na riƙa ba mutane labarin ina hura hanci, duk wanda ya zo karɓar ƙofa sai ya tafi da darasin tarbiyya kyauta.

To, ranar ƙarshe ta farautar bara mu huɗu muka fita, ni da yaran da abokina Tela. Tun safe har rana ta take ko gashin tsuntsu ba mu samu ba. Sai ga garken zabi sun fi goma, suna kiwo a hayin wani kwari da ruwa ya zaizaye, faɗinsa bai wuce taku ɗaya da rabi ba. Anti, ƙafata ce ta yanke shawara ba ta tuntuɓi kaina ba. Na daka tsalle da harsashi a cikin bindiga. Ashe taku ɗaya da rabi na ɗan shekara ashirin daban ne da na mai arba'in da shida da tumbi. Ƙafa ɗaya ta isa hayi, ɗayar ta fasa tafiya. Na zube a gindin kwarin zaune daɓas cikin taɓo, wandona ya yage tun daga inda bai kamata ba har inda ya fi rashin kamata. Bindiga ba ta tashi ba, alhamdu lillahi, ko da yake da na faɗi bakinta ya ɗan waiwaya ta wajen da Auta yake tsaye, amma abin na ƙiftawar ido ne. Zabin kuwa ko tashi ba su yi ba. Tafiyarsu suka yi a hankali kamar ma'aikatan da aka tashi daga ofis.

Tela ya rungume bishiya yana dariya har hularsa ta faɗi. Auta bai ce komai ba. Alƙaliya ta leƙo daga bakin kwarin, cikin ladabi har da rusunawa, ta tambaye ni wai harsashin yana aljihuna ne ko yana ciki. Na ce ta miƙo hannu ta fitar da ni tukuna. Ta ce za ta miƙo in na karya bindigar, wai haka Baba ya koya mata.

Da muka dawo gida aka gama cin abinci, Alƙaliya ta ciro kwalin daga ƙusa ta ajiye a gabana. Na yi iya ƙoƙarina. Na ce ai farauta yau ta ƙare, saboda haka hukuncin ya fara da azahar ya ƙare da faɗuwar rana, na ma riga na gama shi ban sani ba. Ta ce Auta wata uku cif ya yi, don haka nawa na baɗi ne. Na ce ai bindigar ba ta tashi ba. Ta ce shi ma bai saki dutsen ba. Na waiwaya wajen maman yara ina neman agaji, sai na ga ta miƙe ta ɗauki makullin harsashi daga inda take rataye shi ta jefa a jakarta, ta ja zif. Daga ɗakin bakin ƙofa kuma Tsoho, wanda da safe aka yi ta yi masa ihu a kan magani bai ji ba, ya yi dariya har ta koma tari.

Na ce a raina wata tara ba kwana tara ba ne, yara za su manta. A cikin watannin nan babu uban da ya kai ni kirki a duniya. Na gyara keken Auta, na yi wa Alƙaliya teburin karatu mai aljihu biyu, na daina faɗa a kan fitilar da ake bari a kunne. Ko sunan zabo ban bari an ambata a gidan ba. Yanzu saura mako biyu a buɗe farauta. Shekaranjiya na ɗaga kwalin zan share ƙura, sai na ga kwanan watan faɗuwata a bayansa da fensir, da rubutun Alƙaliya da na sani. Jiya da safe kuma na tarar da jarka an wanke ta tas an ajiye kusa da takalmina. Ba ƙaramar da Auta ya ɗauka ba, babbar mai lita ashirin wadda muke ɗebo ruwa da ita idan famfo ya ɗauke.

Shi kuwa Tela, shekara goma ina yi masa tsiya. Nakan ce babu inda zabuwa ta fi samun kwanciyar hankali a dajin nan kamar gaban bindigarsa. Makon jiya ya aiko mini da ƙunshi har shago, a gaban masu jiran aiki. Na buɗe na ga gammo ne ya ɗinka mini da ƙyallayen da suka rage masa, har da ado a gefe, wai don kada jarka ta ci mini sanƙo.

Ba zan ɓoye miki ba, ranar da maman yara ta tafi kasuwa na je gaban akwatin harsashi da kayan aikina. Na duba ta sama na duba ta ƙasa, ban sami inda zan sa ko allura ba. Ban taɓa jin alfahari da takaici a lokaci guda kamar ranar ba. Ina tsugune sai Tsoho ya ɗaga murya yana tambaya wai ɓarawo ne ya shigo ko ɗansa ne, don ya san irin ihun da zai yi.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya daban ne. Tun Alƙaliya tana shekara goma na yi mata alkawari cewa in ta cika sha biyar za ta yi harbinta na farko, ina tsaye a bayanta, hannuna a kan nata, yadda Tsoho ya yi mini. Shekara biyar tana ƙirga ranar nan. In ba zan taɓa bindiga ba, ba ni da halin tsaya mata. Hannun Tsoho ko kofin shayi ba ya riƙewa. Tela ya ce shi zai tsaya mata da tasa, kuma wallahi gara in ɗauki jarka biyu. Sai na yi abin da nake jin kunyar rubutawa. Na kira ta na ce ta zaɓa, in hukunci ya tabbata to harbinta na bana ya tafi. Na ɗauka nan take za ta janye. Ta shiga ɗaki, na ji tana kuka, can ta fito da jan ido ta ce hukunci yana nan.

To Anti, hanya uku nake gani. Ko in ɗauki alƙalami in ƙara a ƙasan kwalin cewa ban da manya, tunda ni na rubuta kuma gidana ne. Ko in ce bayana ya riƙe, in kwanta wata uku, babu wanda ya ci babu wanda aka ci. Ko kuma in aza gammo in bi bayan Tela a gaban 'ya'yana, ni da nake uba. Ina tsoron in na yi na ukun su raina ni har abada, yau jarka, gobe su ce in wanke kwanuka. Ki faɗa mini gaskiya, amma ki ɗan sassauta, don an riga an taru a kaina.

Naki,
Maharbin da ba shi da harsashi

*

Malam Maharbi, na gode da wasiƙarka. Na yi dariya har abokiyar aikina ta leƙo ta ga ko lafiya. Sannan na koma na sake karanta layi ɗaya, dariyar ta tsaya. Ka ba wandonka layi biyu, ka ba zabi layi biyu, amma bakin bindiga mai harsashi da ya juya wajen ɗanka ka wuce shi da rabin jimla. Na san dalili, abin ya fi ƙarfin a tsaya a kansa. Amma daga nan za mu fara. Ka ce yaron bai ce komai ba a ranar, kuma ba ya mantuwa. Kafin maganar jarka, ka kira shi ku biyu kawai, ka gaya masa ka san inda bakin bindigar ya nufa, ka yi kuskure, ka ba shi haƙuri. Wata tara ke nan yana ɗauke da abin shi kaɗai.

Ban ce ba ka da hujja ba. Girman uba a gidansa ba abin wasa ba ne, kuma babu magidancin da zai so ya zama abin tsokanar abokinsa a gaban 'ya'yansa. Wata uku ma hukunci ne mai tsauri a kan kuskuren daƙiƙa ɗaya. Sai dai ka ga tsaurinsa ne yau da ya zo kanka. Lokacin da ɗan shekara tara yake share hawaye da hannun riga, ka ce daidai ne.

Hanyarka ta farko ita ce mafi haɗari. Ranar da ka rubuta ban da manya, ka koya wa Auta cewa cire harsashi aikin yara ne. Nan da shekara biyar zai ga gashi ya fara tsiro masa a haɓa, ya yanke wa kansa cewa ya shiga sahun manya, kuma ba lallai kana kusa ba ranar da zai zo bakin nasa kwarin. Ta biyun kuwa ɓata lokaci ce. Yarinyar da ta rubuta kwanan wata a bayan kwali za ta yi maka sannu da jiki wata uku, sannan ta ɗage hukuncin zuwa shekara mai zuwa.

Saboda haka ka ɗauki jarkar. Raini da kake tsoro ba ta nan yake shigowa ba. Yara suna raina uban da suka kama yana murɗa magana, kuma ka fara taka wannan hanyar da zancen faɗuwar rana da tsugunawa gaban akwati. Uban da ya ce na yi laifi kuma zan biya, da wuya su manta masa da shi. Amma doka jarka ta ce, ba ta ce lita ashirin ba. Auta daidai ƙarfinsa ya ɗauka, kai ma ka nemi daidai naka, ina ganin Alƙaliya za ta saurari wannan ƙarar. Gammon Tela kuma ka aza shi tun daga ƙofar gida, ka yi masa godiya, ka yaba ɗinkin. Tsokana ba ta daɗewa idan wanda ake yi wa ya riga kowa dariya.

Batun harbin farko, nan ma akwai haƙurin da za ka bayar. Kai ka yi tsalle, bai kamata ka ɗora mata kuɗin faɗuwar ba. Ka gaya mata alkawari yana nan bai mutu ba, shekara ɗaya kawai ya matsa, kuma laifinka ne ba nata ba. In ta ce Tela ya tsaya mata bana, ka daure ka bari. Ni dai zatona za ta jira ka, don yarinyar da ta yi kuka ta fito ta tsaya a kan dokar babanta ba harbin kaɗai take so ba. Kafin lokacin, ka tambaya a inda kake sabunta lasisi shekarun da aka yarda yaro ya harba a gaban babba, don ku tsaya a kan ƙa'ida.

Kada kuma ka ɗauka wata ukun nan asara ne. Mai tafiya a baya ya fi kowa ganin yadda ake riƙe makami. Ka koya musu sawu, da inda iska take kaɗawa, da yadda ake gane zabuwa mai 'ya'ya tun daga nesa a ƙyale ta. Duk wannan ba ya bukatar harsashi, kuma shi ne rabin abin da Tsoho ya ba ka.

Idan ka gama wa'adinka cif, ba kafin nan ba, ku zauna ku duka ku sake duba hukuncin. Ina ba da shawarar a rage wa duk wanda ya kawo ƙarar kansa da bakinsa, domin horo mai tsanani yakan koya wa yara ɓoye kuskure, a harkar bindiga kuwa kuskuren da aka ɓoye shi ne mai kisa. Makulli ya ci gaba da zama a jakar maman yara, kayan aikinka kuma su zauna a shago.

Ka gaishe mini da Tsoho, ka ce ya riƙa shan maganinsa. Allah ya raya maka yaran nan, ya tsare ku a daji da gida, ya kuma ƙara wa wuyanka ƙarfi.

Anti